Ku Bar Sallahu Kafin Ku Shiga Kogo

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida nan Goron Dutse, ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Aka gama gaisuwa bai tashi ba, na san da magana a bakinsa. Can ya zaro waya ya miƙo mini. Wasu samari ne a bidiyo suna rarrafe cikin kogo, kowa da fitila a goshi, ruwa ya kai musu ƙugu, suna ta shewa. Ya ce shi da abokansa huɗu sun fara adashi, da zarar an gama jarrabawa su ma za su nemi kogo irin wannan su shiga. Sai ya rage murya ya ce, "Amma Kawu, don Allah kada Umma ta ji."

Ban hana shi ba, ku ma da kuke karanta wannan ba hana ku zan yi ba. Yaron da bai taɓa marmarin leƙa abin da ke bayan dutse ba, shi nake jiye wa. Ƙasar Allah ce, kuma gani ya kori ji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan 'yar magana ta ƙarshe, don na taɓa faɗin irinta, na kuma san inda ta kusa kai ni.

Mu 'yan birni ba mu da babban kogo. Dala da Goron Dutse tuddai ne masu hular marmara, hawansu ake yi a hangi gari a sauko. A marmarar Dala mutanen farko suka riƙa haƙo tama suna narka ƙarfe tun ba a san za a yi sarki a Kano ba. Amma a ƙuruciyarmu akwai ramuka a gindin tudunmu, waɗanda masu haƙar jar ƙasa ta gini suka rarake suka bari, wani ma babban mutum zai shiga a sunkuye ya ɓace. Mu a wurinmu babu kogon da ya fi su a duniya.

Wata Alhamis, da yake ba makarantar allo, mu huɗu muka haɗa baki, muka sha rantsuwa ba wanda zai faɗa a gida. Guzurinmu guntun kyandir ɗaya da rabin kwalin ashana da na ɗauko a madafin innata ba da saninta ba. Muka shiga a jere, babbanmu a gaba. Ba mu yi nisa ba hasken bakin ramin ya koma kamar ƙwayar gero a bayanmu, hanya ta karkata, ya ɓace. Kyandir ya fara lumshewa, ya mutu. Aka ƙyasta ashana, ta kama ta mutu. Aka sake, haka. Ga ƙasa tana zubo mana a ƙeya kaɗan-kaɗan kamar ana barbaɗa gishiri. Sai ƙaraminmu ya fashe da kuka, ya damƙi rigar na gabansa ya ƙi saki, ya ce shi gida za shi. Muka yi masa ca: matsoraci, ɗan Inna, ragon maza. Dole muka fito da baya-baya muna zaginsa, alhali kowa a cikinsa hamdala yake yi da aka sami wanda ya furta.

Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa mai ƙarfi da dare. Da muka koma, ba mu ga bakin ramin ba. Tudu ya zauna a kansa.

Na daɗe ban ɗauki abin a bakin komai ba. Sai da na haifi nawa na zauna na yi lissafi: da a ranar ya rufta, ina za a neme mu? Da kududdufai za a fara, don nan yaran unguwa suka saba halaka. A je Kurmi, a je tasha, a sanar da mai unguwa, a kai cigiya gidan rediyo, daga ƙarshe a ce sace mu aka yi. Duk wannan muna kwance a wurin da ko minti biyar bai kai ba daga ƙofar gidanmu. Rantsuwar nan da muka sha ita ce za ta binne mu, kafin ƙasa.

Ku masu son ƙwallo za ku tuna ranar 22 ga Yunin 2018, da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha, gidajen kallo suka kusa tsagewa a Kano. To washegari, 23 ga wata, a lardin Chiang Rai na arewacin ƙasar Tailan, wasu yara 12 'yan wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo suka tashi daga atisaye, suka hau kekunansu tare da mataimakin kocinsu ɗan shekara 25, suka nufi kogon Tham Luang. Ƙaraminsu shekararsa 11, manyan ba su wuce sa'annin ɗan ƙanwata ba. Ba baƙin wurin ba ne, wasunsu sun sha shiga. A bakin kogon akwai allo mai gargaɗin kada a shiga daga Yuli zuwa Nuwamba saboda ambaliya, su kuwa a Yuni suke, saura mako guda. Ruwa bai san allo ba. Suna ciki aka sheƙe shi a kan duwatsu, ya tsiyaye ta ƙarƙashi ya toshe musu hanyar fita, ya yi ta kora su ciki har suka maƙale a kan wani ɗan tudu kusan kilomita 4 daga baki.

Duniya ta riƙe sunayen waɗanda suka yi ceton, kuma sun cancanta. Rick Stanton da John Volanthen, Turawan Birtaniya masu nitso a kogo, su suka iske yaran da rai ranar 2 ga Yuli, bayan kwana tara ba abinci sai ruwan da ke ɗiga daga dutse. Wani likita ɗan Ostareliya, Richard Harris, shi ya riƙa yi musu allurar barci aka fito da su ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin ruwa tsakanin 8 da 10 ga wata, don yaron da ya firgita a cikin ruwa zai kashe kansa ya kashe mai ɗauke da shi. Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasu ranar 6 ga Yuli a hanyar dawowa daga kai tukwanen iska. Wani sojan, Beirut Pakbara, cutar da ya ɗauko a kogon ta yi ajalinsa a ƙarshen 2019.

Ni kuwa wanda na fi tunawa a labarin ba ya cikin waɗannan. Da magariba ta yi yara ba su dawo ba, iyaye suka yi ta kiran babban kocin ƙungiyar. Shi ma ya yi ta lalube har ya sami wani yaro ɗan shekara 13 da bai bi su ba, yaron ya ce ai kogo suka tafi. Koci ya garzaya can ya tarar da kekuna da jakunkuna a baki, ruwa yana malala. A daren aka fara nema, kuma a daidai wurin. Dubban mutane da injunan zuƙe ruwa da jiragen sama duk a kan bakin yaron nan suka taru. Da su ma sun sha irin rantsuwarmu, ko da sun tafi da shi, ban san inda za a fara ba.

Mu Musulmi ma bai kamata a ce sai Tailan ta koya mana wannan ba. Kogo ba baƙonmu ba ne. Kowace Juma'a muna karanta labarin samarin da suka fake a cikinsa, a kogon Hira aka fara saukar da wahayi, a kogon Saur Manzon Allah (SAW) ya kwana uku tare da Sayyidina Abubakar a hanyar hijira. Ku duba yadda aka tsara wannan zama na Saur. Maƙiya ake ɓoye wa, rai ne a kan layi, duk da haka akwai na waje da suka san inda suke. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin Makka da dare, Nana Asma'u ta haɗa guzuri, Amir ɗan Fuhaira yana koro tumaki su sha madara, sawun dabbobin kuma ya shafe na mutane. An kuma ɗauki ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin bai musulunta ba, saboda ya san hanya, aka yanka masa ranar da zai zo da raƙuma. Wanda ya fi kowa tawakkali ke nan. Sai kai, da ba wanda yake farautarka, ka ce sirri za ka yi da mahaifiyarka?

Sallahun ma akwai yadda ake barinsa. "Mun tafi yawo" ba sallahu ba ne. A rubuta a takarda: sunan garin, sunan dutsen, ta wace ƙofa za a shiga idan yana da fiye da ɗaya, su wane da wane, lambar wanda zai yi jagora, da ƙarfe nawa za a fito. A ƙarƙashi a rubuta lokacin da idan ya wuce ba a ji ku ba, a tashi a nemo taimako ba tare da jiran komai ba. A ba wa babba mai nutsuwa, ba abokin da zai rufa muku asiri har gari ya waye don gudun kada a yi muku faɗa ba. Idan kun isa garin, ku fara da gidan mai gari ko dagaci, ku gaishe shi, ku faɗi abin da ya kawo ku. Shi zai haɗa ku da maharbi ko makiyayin da ya san ramin da kura take kwana da tsagar da ƙudan zuma suka yi gida, shi kuma zai gaya muku idan dajin ba ya shiguwa a wannan zamani da muke ciki. Kada ku dogara da waya. Taku kaɗan cikin dutse sabis yake ɗaukewa, ta koma tocila mai cin caji.

Sai maganar kunya, wadda a ganina ta fi duhu kashe samari. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida, amma ku kun juya abin, kuna ɗaukar kunya ku tafi da ita daji. Mutum biyar ne a rami, huɗu hankalinsu bai kwanta ba, kowa yana jiran wani ya fara magana don kada a ce shi ne rago, ga kuma mai ɗaukar bidiyo yana haska fuskar kowa. Haka ake wucewa mataki ɗaya bayan ɗaya har a kai inda ba dawowa. Maganinsa a yanke tun a waje, rana tsaka, kowa yana dariya: duk wanda ya ce a koma, an koma, ba tambayar dalili, ba gori bayan an fito. Ƙaramin nan namu har muka girma muna tsokanarsa. Ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa, ban taɓa ce masa na gode ba.

Kada kuma ku gaza huɗu. Masu wannan harka sun daɗe da sanin dalili: idan ɗaya ya karye, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman agaji, don kada a bar kowa shi kaɗai. Kada ku yi yawan da na gaba bai san halin da na baya yake ciki ba, kuma tafiyar mai rauninku ita ce tafiyar kowa.

Duhun kogo ba irin na ɗauke wuta ba ne. A gida ko wuta ta tafi akwai taurari, akwai hasken janaretan maƙwabta, ido yana sabawa. A can ko kwana za ka yi ba za ka ga tafin hannunka ba. Shi ya sa kowane mutum, ba kowace tawaga ba, yake riƙe fitila uku: ta goshi irin wadda masu gyaran waya da maharba suke ɗaurawa, don hannu ya samu sakewa, da wasu biyu a jaka tare da batir a ƙulle cikin leda. A sa hular kwano, ko ta masu babur ce, domin rufin kogo ba ya sallama kafin ya gaisa da goshi. A kowace mararraba ku tsaya ku waiwaya ku kalli hanyar da kuka fito, saboda kamanninta a dawowa daban ne da na shiga, nan mutane suke ɓata. Kuma ku juyo tun da sauran ƙarfi da sauran batir mai yawa, don fita ta fi shiga cin rai.

Na ce kyandirinmu ya yi ta mutuwa. A lokacin mun ɗauka aljanu ne suke hurewa. Ban zo musun gaibu ba, ku yi addu'arku kafin ku shiga ko'ina. Amma abin da ya kashe wutar nan iska ce. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata ne mai rayarwa, idan ya ragu wuta takan riga mutum gane hakan. A rami mai zurfi da iska ba ta ratsawa, gurɓatacciyar iska mai nauyi takan kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwano, ba launi ba wari. Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san haka, shi ya sa suke zura fitila da igiya kafin mutum ya sauka. Sau nawa muka ji a rediyo an ce wani ya shiga yasar rijiya ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ya bi, jami'an kashe gobara suka zo suka fito da gawa uku? Idan kuka ji ciwon kai, ko haki ba dalili, ko jiri, ku fita a take. Idan abokinku ya sulale a ƙasan rami, abin da zuciya za ta ce shi ne ka dira ka ɗauko shi. Kada ka dira. Ka nemo mutane da igiya. Wannan ita ce magana mafi nauyi da zan gaya muku, na kuma san ba ta da daɗin ji. Wuta ko janareta kuwa a cikin rufaffen wuri, ba ma sai na faɗa ba.

Damina ba lokacin kogo ba ce, ko da sama tana tas a inda kuke, tunda hadarin da ya zuba a bayan dutse yana iya iske ku ta ƙarƙashin ƙasa. Ku bari sai kaka ta wuce.

Kada in sa ku ɗauka sallahu yana maganin komai. A watan Nuwamban 2009, a jihar Utah ta Amurka, wani ɗalibin likita ɗan shekara 26 mai suna John Jones ya shiga kogon Nutty Putty tare da 'yan'uwansa. Ya ga wata ƙaramar kafa ya zaci wadda aka saba bi ce, ya cusa kai, ta gangara da shi ya maƙale kai a ƙasa ƙafa a sama. An san inda yake, masu ceto sun zo da yawa, har suna taɓa ƙafarsa suna magana da shi. Sama da yini guda ana fama, ya cika a wurin. Ko gawarsa ba a iya fitarwa ba, aka toshe kogon da kankare ya zama kabarinsa. Duk kafar da ba ku san ƙarshenta ba, musamman mai gangarawa ƙasa, ba a shigarta da kai.

Jemagu ma a ba su girmansu. Busasshen kashinsu yana ɗauke da wata irin funfuna da idan aka tayar da ƙurarta aka shaƙa take kama huhu, a yi ta tari da zazzaɓi har a zaci tarin fuka ne. A 2008 wata mata 'yar ƙasar Holan ta ziyarci wani kogon jemagu a dajin Maramagambo na Yuganda, ta koma gida ta mutu da cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola. Ku rufe hanci, kada ku taɓa su, kada ku jefe su, kuma wanda ya yi zazzaɓi bayan an dawo ya gaya wa likita inda ya shiga. A bakin kogo kuwa, inda sanyi da inuwa suke, a duba kafin a dafa. Kububuwa da gamsheƙa su ma hutawa suke zuwa yi.

To ina za a je? Ni da za ku ji tawa, da Birnin Kudu za ku fara, nan Jigawa, tafiyar safe a dawo da yamma. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai rumfunan dutse masu zanen shanu da mutanen da suka yi tun ba a san zamaninsu ba, da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Ba zurfi gare su ba, amma za ku koyi tafiya tare, ku kuma koyi kallon abu ba tare da kun rubuta sunanku da gawayi a kansa ba. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Bauchi. A gandun dajin Yankari akwai kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ana zuwa da ma'aikacin gandun, a dawo a yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Mai son babban kogo na sosai, mai ɗakuna da rafi a ciki, sai ya dangana da Ogbunike a jihar Anambra kusa da Anaca, inda ake sauka matakala 317 kafin a kai baki, kuma al'adar mutanen wurin sai an cire takalmi. Wanda bautar ƙasa ta kai shi can ya je, ya bi ɗan jagora, ya girmama dokar masu wuri.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ramin da ɗan'adam ya haƙa ya bari: tsofaffin ramukan kuza irin na Riruwai, ramukan zinariya, ramukan ɗibar ƙasa irin namu na da. Kogon Allah ya yi dubban shekaru yana tsaye, abin da zai faɗo mafi yawa ya riga ya faɗo. Ramin haƙa kuwa jiya aka rarake shi, jira kawai yake. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi ya kashe aƙalla mutum 18, waɗanda neman abinci ya kai su. A Zamfara a 2010, ƙurar dutsen zinariya mai gubar dalma ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ku da nishaɗi kuke nema, ba ku da abin yi a irin waɗannan wurare.

Ɗan ƙanwata dai ban rufa masa asirin da ya nema ba. Na ce ya tashi mu shiga wurin Umman tasa tare, ya faɗa da bakinsa. Ta yi salati, ta yi faɗa, ta ce ni nake ɗaure masa gindi. Da ta huce ta tambayi su wa da wa za su, ta soke ɗaya daga ciki, ta ce ta san rawar kansa, ba ya jin bari. An tsayar da Birnin Kudu, bayan kaka, kuma wan ɗaya daga cikinsu zai raka su. Takardar tana nan ta soke ta a jikin kalandar ɗakinta, da sunaye biyar da lambar direba. A ƙasa yaron ya rubuta ƙarfe shida na yamma, ta karɓi biron ta mayar da shi biyar.